Mako guda, abokai huɗu: wane filin ƙwallon lambu ya cancanci a yi masa tafiya?

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida ina buga ƙwallon lambu, handikaf ɗina 18. Ni da abokaina uku mun yi niyyar tafiyar mako guda don wasa kawai. Na duba intanet na ga jeri iri-iri: wannan mujalla ta ce ga filaye ɗari mafiya kyau a duniya, waccan ta kawo nata daban, a shafukan sharhi kuwa kusan kowane fili taurari huɗu da rabi gare shi. Ga kuma wasu lambobi a katin maki da ban taɓa gane kansu ba. Wanne zan bi? Ba ma so mu kashe kuɗi mu dawo da haushi."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, kana tambaya ne a kan ma'aunin da za ka yarda da shi, tunda ka ga ma'aunai da yawa kuma sun saɓa wa juna. Dalilin saɓanin shi ne ba abu ɗaya suke aunawa ba. Lambobin katin maki wuyar fili suke aunawa. Jerin mujallu gwanintar wanda ya zana filin yake yabawa. Taurarin intanet kuwa yawanci labarin yadda aka karɓi mutum ne da yanayin da ya tarar da ciyawa a ranar da ya je. Babu ɗaya a cikinsu da ya san nisan bugunka, ko ƙarfin gwiwarka, ko watan da za ka sauka. Na daɗe ina koyar da wannan wasa, na kuma sha raka ɗalibaina irin wannan tafiya, kuma duk haushin da na ga an dawo da shi daga nan ya samo asali: an ɗauki amsar wata tambaya an ɗora wa tambayar da ba tata ba.

Lambobi biyu na katin maki

Da su zan fara, don su kaɗai ne aka gina a kan awo, kuma su ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Tun shekarar 2020 duniya ta koma kan tsari guda ɗaya na handikaf, wato lambar da ke auna ƙwarewar ɗan wasa (mai ƙaramar lamba shi ya fi gwaninta), kuma R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin wasan, su suke kula da shi. A ƙarƙashinsa kowane wurin bugun farko a kowane fili yana da lambobi biyu. Ta farko, wadda za ka ga an rubuta mata Course Rating, tana faɗin bugu nawa ake sa ran gwanin da handikaf ɗinsa sifili ne zai yi a ramuka 18 idan yanayi ya daidaita. In ka ga 73.5 a filin da ƙa'idar bugunsa, wato par, 72 ce, to filin ya ɗan fi ƙarfin ƙa'idarsa ko ga gwani.

Ta biyu, Slope, ita ce mutane ke yi wa kallon ma'aunin wuya kai tsaye, alhali aikinta daban ne. Tana nuna yadda wuyar filin ke ƙaruwa a kan matsakaicin ɗan wasa idan aka kwatanta shi da gwani. Daga 55 take tashi zuwa 155, an kuma ɗauki 113 a matsayin madaidaici. Ka ɗauki tafkin da ya tare gaban wurin bugun farko, wanda sai ƙwallo ta yi yadi 180 a sama kafin ta haye. Gwanin da ke buga yadi 250 bai ma san da tafkin ba. Mai buga yadi 200, wanda rabin bugunsa ba ya fita da kyau, zuciyarsa na dukan uku-uku tun kafin ya ɗaga sanda. Irin wannan abu shi ke ɗaga lamba ta biyu ya bar ta farko kusan inda take. Kai mai handikaf 18, lamba ta biyu da kai take magana.

Ga lissafin: ka ninka handikaf ɗinka da lamba ta biyu, ka raba da 113, sannan ka ƙara bambancin da ke tsakanin lamba ta farko da ƙa'idar bugu. Mu ƙaddara fili mai ƙa'ida 72, daga wurin bugu na baya lambobinsa 73.5 da 135. Lissafinka zai ba da 23, wato bugun da za ka ɗora a kan ƙa'idar 72, ma'ana a rana mai kyau bugu 95 za ka yi. Mu ƙaddara a wannan filin dai, wurin bugu na gaba yana da 69.8 da 122. Yanzu ka koma 17, rana mai kyau 89. Fili ɗaya, kuɗi ɗaya, amma bugu shida tsakani, ban da ƙwallayen da za su tsira daga ruwa. Na ce rana mai kyau da gangan, domin handikaf daga mafiya kyau takwas cikin wasanninka ashirin na ƙarshe ake fitar da shi. A baƙon fili, bayan doguwar tafiya, ka ƙara wa kanka bugu huɗu ko biyar, kada ka ji kunya.

Nan ne mafi yawan matafiya ke cutar kansu. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, sai ya ce ai sai ya buga daga inda zakaru ke bugawa. Akwai wata dabara da masu koyarwa ke amfani da ita: ka ninka ainihin nisan bugunka na farko da 28. Mai yadi 200 ya nemi tsawon da bai wuce yadi 5,600 da yawa ba, mai 230 ya nemi wajen 6,400. Ainihin nisa na ce, na yau da kullum, ba bugun nan guda ɗaya da iska ta taimaka maka bara ba. Ba doka ba ce, amma ban taɓa ganin wanda ya matsa gaba ya yi nadama ba.

Jerin ɗari mafiya kyau

Jerin mujallu yana da amfani, in ka san asalinsa. Mujallar Golf Digest ta fara nata a 1966, kuma a lokacin sunansa ma filaye 200 mafiya wuya a Amurka, daga baya aka juya shi ya koma na mafiya kyau. Wannan gado bai gama fita ba: har yau a zukatan mutane da yawa fili mai azabtarwa shi ne babban fili. Masu ba da maki ayari ne na 'yan wasa, akasarinsu gwanaye, suna duba yawan zaɓin da kowane bugu ke ba mutum, da bambancin ramuka, da kyan gani, da kulawa. Idon mai handikaf 3 ne ya kalli filin, kai kuma ƙwallonka wani wuri daban take sauka.

Sai babbar matsalar, wato shiga. Pine Valley da ke jihar New Jersey, wanda ya sha zama na ɗaya, da Cypress Point a Kalifoniya, da Augusta National inda ake gasar Masters, duk na 'yan ƙungiya ne. In ba wani mamba ya gayyace ka ba, sai dai kallo a talabijin. Don haka idan Amurka kuka nufa, jerin filayen da kowa zai iya biya ya shiga shi ne naku. A Birtaniya da Ailan abin ya fi sauƙi, don yawancin manyan kulob suna karɓar baƙi a wasu ranaku. Muirfield ta Sikotilan, misali, Talata da Alhamis take buɗe wa baƙi. Tsohon fili na St Andrews a Sikotilan na jama'a ne, ana rufe shi ranar Lahadi mutanen gari su yi yawo a kai, akwai ƙuri'ar da ake shiga kwana biyu kafin ranar wasa, ana kuma neman shaidar handikaf da bai wuce 36 ba. Pebble Beach a Kalifoniya na kowa ne a suna, amma samun lokaci tun da wuri ya rataya ne a kan kwana a otal ɗinsu, kuma wannan ya fi kuɗin wasan nauyi. Irin waɗannan sharuɗɗa suna canzawa, saboda haka ka tabbatar daga bakin kulob ɗin kafin ka yanki tikitin jirgi.

Ni ma'aunin da na fi jin daɗin aro shi ne na Tom Doak, wani mai zana filaye ɗan Amurka, wanda ke ba da maki daga sifili zuwa goma, yana kuma ɗaukar uku a matsayin matsakaicin fili na duniya. Abin da ya burge ni shi ne tambayar da ke ƙarƙashin makin: wane irin nisa ya cancanci mutum ya yi don wannan fili? Wani fili ka buga shi in kana garin, wani ka karkata hanya dominsa, wani kuma ka tsallaka teku. Tambayar matafiyi ke nan. Bambancin na 14 da na 41 a jerin mujalla gardamar masana ce, ba za ka ji shi a hannunka ba.

Taurarin intanet kuwa, kada ka kalli jimillarsu. Ka karanta sharhin makonni shida na ƙarshe kawai, ka nemi abu biyu: me aka ce game da girin, wato shimfiɗar lallausar ciyawar da ramin ke ciki, da kuma awa nawa zagayen ya ci. Wanda ya ba da tauraro ɗaya don ma'aikacin ƙofa bai yi masa murmushi ba, da wanda ya ba da biyar don faɗuwar rana ta yi kyau a hoto, duk ka wuce su. Hotunan talla ma haka. Daga jirgi maras matuƙi ake ɗaukarsu da sanyin safiya, kuma sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo.

Irin filin da irin wasanka

Kafin suna, ka tambayi iri. Filin bakin teku na asali, wanda ake kira links, a kan tudun rairayi yake, babu bishiya, ƙasa tauri gare ta, iska ce mai gida. Ƙwallo tana gudu a ƙasa, don haka mai gajeren bugu yana samun ƙarin nisa kyauta, kuma yakan iya gangaro da ita har kan girin ba sai ya ɗaga ta sama ba. Na ga dattawa masu handikaf ashirin da wani abu sun fi samari jin daɗin irin wannan fili. Amma ramukan yashinsa masu zurfi ne, in ka faɗa wani sai dai ka fita ta gefe ko ta baya, kuma ranar da iska ta tashi sandar da ka saba bugun yadi 150 da ita ba za ta kai 120 ba. Wasu, irin Royal County Down a Ailan ta Arewa, suna da ramuka da dama da za ka buga ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka. A nan ɗaukar kadi, mai riƙe maka jaka yana nuna maka hanya, ya fi sabuwar sanda amfani.

Filin cikin bishiyoyi da tafkuna akasin haka ne. Ƙasa mai laushi, ƙwallo na tsayawa inda ta sauka, wasa a sama ake yin sa. In bugunka na karkata dama, ka duba taswirar filin ka ƙirga ramuka nawa ne ruwa ko iyaka ke dama. Le Golf National kusa da Faris, inda aka yi gasar Ryder ta 2018 da wasan Olamfik na 2024, ruwa ya kewaye ramukansa na ƙarshe. Abin sha'awa ne a kallo, amma mai handikaf 18 ya tafi da ƙwallaye dozin. Bethpage Black a New York har allo suka kafa a wurin bugun farko suna gargaɗin cewa filin na ƙwararru ne, kuma da ƙafa ake zagaya shi. Ban ce kada ku je irin waɗannan ba. Guda ɗaya a mako ya isa, don a samu labarin bayarwa.

Ciyawa ma tana da hali. Bamuda, ta ƙasashe masu zafi, tana kwanciya ta fuska ɗaya, sai ka ga ƙwallo ta karkace a girin da idonka ya ce miƙaƙƙe ne. Kikuyu, wadda ta yawaita a Afirka ta Kudu, tana ɗaga ƙwallo da kyau a tsakiyar hanya, amma a gefe tana kama sanda, ba ta kuma barin ƙwallo ta yi tsalle ta gangara. A birni mai tudu kamar Johannesburg, wanda ya haura mita 1,700 sama da teku, ƙwallo takan ƙara kusan kashi goma cikin ɗari na nisanta. Kwana ɗaya ko biyu kafin hannu ya saba.

Saurin girin kuma, akwai wani ɗan ƙarfe da ake gangaro da ƙwallo a kansa a auna ƙafa nawa ta yi. Tara zuwa goma ya wadatar da kowa. Filayen da ke alfahari da 12 ko 13 gasa suke kwaikwayo, kuma sakamakon shi ne kowa ya yi bugu uku a girin, layi ya taru a baya.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci

Wata shekara na kai ɗalibaina wani shahararren fili, ba zan faɗi sunansa ba don laifin nawa ne. Mun yi wata huɗu muna ɗoki. Muka isa muka tarar kwana uku da suka wuce an huda duk girin ɗin da inji, an zuba yashi. Aiki ne da kowane fili ke yi, galibi sau ɗaya ko biyu a shekara, don iska da ruwa su ratsa saiwa, kuma yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin wuri ya warke. Ƙwallo tana tafiya tana tsalle kamar a kan tsakuwa. Ɗaya daga cikin mutanena, mai barkwanci ne, ya dubi abin ya ce, "Malam, ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Muka yi dariya, amma kuɗin sun tafi. Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai na rubuta wa kulob na tambaya: yaushe za ku huda girin, akwai ramin da aka rufe, akwai gasa a wannan makon? Minti biyar ne, kuma babu jerin mujallar da zai gaya maka wannan.

Lokacin shekara yana tafiya tare da ita. Sikotilan da Ailan daga Mayu zuwa Satumba ne, a watan Yuni ma akan ga haske har wajen ƙarfe goma na dare, sai dai rigar ruwa ba ta barin jaka. Dubai daga Nuwamba zuwa Maris. Da bazara zafi na haura digiri 40, shi ya sa farashi ke faɗuwa, kada arahar ta ja ku. Algarve a Fotugal da Belek a Turkiyya sun fi daɗi a Maris zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, kuma a lokacin ne suka fi cika. Afirka ta Kudu da Ostireliya lokacin zafinsu Disamba ne.

Cika kuwa ita ke kawo jinkiri. Ka tambayi minti nawa ke tsakanin ayari da ayari. Inda ake sakin mutane duk minti takwas, shirya wa awa biyar ko fiye. Inda ake ba da goma ko goma sha biyu, za ku gama cikin awa huɗu da 'yan mintuna, ku kuma buga ba wanda ke tsaye a bayanku ya riƙe ƙugu.

Yadda zan tsara makon in ni ne

Zan zaɓi yanki guda, masauki guda, filaye duk cikin tafiyar minti arba'in. Kuskuren da na yi da ƙuruciya shi ne bin sunaye: yau nan, gobe awa huɗu a mota, jibi wani otal. A rana ta huɗu ba wanda ke iya juya ƙugu. Yankin Fife na Sikotilan misali ne mai kyau. A St Andrews kaɗai hukumar da ke riƙe da tsohon fili tana da filaye da dama, kuma wanda ake kira Sabo, da aka buɗe tun 1895, yana manne da tsohon, ƙasa ɗaya, iska ɗaya, samun lokaci kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kusa da nan ga Crail, ga Elie, inda mai sallamar 'yan wasa ke leƙa wani madubin jirgin ruwa mai nutso don ya ga ko waɗanda ke bayan tudu sun wuce. Gabas da Edinburgh akwai North Berwick, mai katangar dutse a gaban girin na rami na 13, wanda ni a raina ya fi filaye da yawa da ke sama da shi a jeri daɗin wasa. Bandon Dunes a jihar Oregon ta Amurka ta tara filaye da dama wuri guda, amma da ƙafa ake yin su, don haka in a cikinku akwai mai ciwon gwiwa ko baya, ku tambayi batun 'yar motar fili tun farko. Zagaye ɗaya a ƙafa yakan kai kilomita takwas zuwa goma.

Cikin kwana bakwai zagaye biyar zan sa, da hutu a tsakiya. Ranar farko fili mai sauƙi, don jiki ya warware daga zaman jirgi. Babban filin da aka yi tafiyar dominsa a rana ta uku ko ta huɗu, lokacin da hannu ya faɗa amma ƙafa ba ta mutu ba. Ranar ƙarshe in bar ta a buɗe, mu koma wanda ya fi yi mana daɗi, domin fili mai kyau a karo na biyu yake nuna kansa. Kuma a auna zaɓin da mafi rauni a cikinku. In ɗayanku handikaf ɗinsa 28 ne, filin da zai sa ya zubar da ƙwallo goma zai ɓata wa dukanku rana, don ku ne za ku taya shi nema a cikin ciyawa.

Ni kaina ina da ma'auni na sirri, bayan kowane zagaye ina rubuta amsar abu uku a bayan katin maki: ramuka nawa nake iya tunawa ba tare da na duba ba, sanduna nawa cikin 14 da ke jakata na yi amfani da su, sannan in an ce in sake bugawa gobe da kuɗina, zan yarda? Filin da na tuna ramuka goma sha biyu a cikinsa ya shiga littafina ko mujalla ba ta san shi ba.

Sai dai ka san da wanda kake magana. Ni mutumin filin bakin teku ne, ina son iska da ƙasa mai tauri, kuma wannan son ya shiga duk abin da na faɗa maka. Ina da abokai masu wasa fiye da ni da suke ganin irin waɗannan filaye kamar makiyaya, su a ba su kore shar da tafki da 'yar mota. Ban kuma ga bugunka ba. Handikaf 18 na mai dogon bugu da ke watsewa daban yake da 18 na mai gajeren bugu miƙaƙƙe, na farko faɗi yake buƙata, na biyu gajarta. In ka sake rubuto mini, ka faɗa mini nisan bugunka na farko, da gefen da ƙwallonka ta fi karkata, da handikaf ɗin sauran ukun, da watan da za ku tashi.